Motar da Ba Ta Wuce Na Gaba

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayin tashar Kibiya sai a kewaye ni. "Sale, da gaske motar da kanta take taka birki?" "Sale, an ce ba ta shan fetur sai ranar Juma'a?" Wani ma rantsuwa ya yi wai an gan ni a hanyar Rano ina sharar barci motar tana tafiya. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu kowa ya ɗauki tasa ya ƙara mata gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance. Wanda ya zo don labarin mota zai samu. Amma in faɗa muku tun yanzu, ni ba mota kaɗai na je ɗaukowa ba.

Ni direban Alhaji Tanimu ne, mai sayen hatsi a Rano. Tun da fetur ya yi tashin da ya yi, Alhaji ba ya wuce gidan mai bai yi tsaki ba. Wani abokinsa a Kano ya ba shi shawarar irin motar nan mai inji da batir, wadda ake kira haibirid, ya sa aka saya masa ta hannu a Kwatano, ya ce in je in taho da ita. Ya zaɓe ni ne don ya san ina da wa a can.

Yaya Buba ke nan, ɗan farin Innarmu. Shi ya koya mini tuƙi a kan hanyar nan ta Rano zuwa Kibiya, kafin nan kuma shi ya koya mini kiwo: shi a gaba, shanu a tsakiya, ni a baya ina kora. Da muka koma mota ma tsarin bai sauya ba. A tasharmu ba a wuce wanda ya koya maka tuƙi a hanya, komai rashin saurinsa, sai in shi ya fito da hannu ya ce ka wuce. Yaya bai taɓa fito mini da hannu ba. Ya tafi Kwatano ɗauko mota tun ina saurayi, ya sami aikin kai motoci arewa, ya yi aure, ya zauna. Da Baffa, mahaifinmu, ya rasu labari bai same shi da wuri ba, bai zo ba, daga nan kuma zuwan ya yi masa nauyi. Shekara ta yi ta bin shekara.

Inna kuwa, kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari, balle mu da muke da jinin Fulani. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa. In ya bugo waya na miƙa mata, sai ta kau da kai ta ce, "A gaishe su." Amma ba za ta bar wurin ba. Za ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu, ba ta komai da ita, har sai an gama maganar. Yanzu idonta ya yi rauni, sai ta koma zama a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Nariya tana sauraron motoci. Ta ƙarar inji take gane ta kowa, ba ta kuskure.

Da na je yi mata sallama ta fito da kwalbar man shanu, an ɗaure bakinta da leda da tsumma. Ta ce, "Ka kai wa mutanen can." Har na kai zaure ta kira ni.

"Motar da za ka ɗauko ɗin, mutum nawa take ci?"

"Biyar, Inna, har da direba."

"To," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Na gane abin da ta tambaya, ita ma ta san na gane.

Daga Kano na shiga babbar bas ta Legas. Ban yarda na sa kwalbar a ƙarƙashin mota ba, a cinya na riƙe ta, kuma nan na yi kuskure. Zafin jikina da na rana suka narkar da man, kafin mu kai Mokwa ya fara tsiyaya ta tsumman. Matar da ke kusa da ni wata Bayarabiya ce mai sarin albasa, ta iya Hausa irin ta kasuwa. Ta yi ta shinshina tana waige-waige, can ta gano zaninta ne ya sha mai. Na ɗauka yau kashina ya bushe. Ta zazzaga mini masifa da harshe biyu, sannan ta tambayi na wane ne. Da na ce tsohuwata ce ta aika wa ɗanta da ya daɗe bai zo gida ba, sai ta kwance jakarta ta zaro robar ruwa mai murfi, ta juye man da hannunta ta ɗaure. Ta ce nata ɗan yana Turai, shi ma waya kawai. Har Legas ita ta riƙa saya mini ruwa.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, wanda ya je ya sani, wanda bai je ba ya gode wa Allah. Daga nan ƙaramar mota ta kai mu kan iyaka a Seme. A ɓangaren can na fara zama kurma. Wani jami'i ya ɗaga robar man yana yi mini Faransanci, ni kuma kalma ɗaya tak aka koya mini, ina ta zuba masa "wi, wi". Ashe tambayata yake ko magani ne na sayarwa. Wani Bazabarme ɗan canji ya cece ni, ya ce masa abinci ne. Jami'in ya buɗe ya shinshina, ya ɓata fuska, ya miƙo mini da sauri kamar ta ƙone shi.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Kwatano 'yan acaɓa ne. Dukkansu da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, ga su nan kamar fari, kuma mata ma suna tuƙa babur da kansu, da jaka a kafaɗa, ba mai kallonsu. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi, har tsofaffin mata ke sayarwa, 'yan bumburutunmu yara ne a kansu. Da rana ta take kuma sai a rufe ofisoshi a tafi cin abinci da hutawa, kamar wanda ya gama da duniya. Na ce da a Rano ne Alhaji zai ce an yi masa asiri.

A unguwar Zango na sami Yaya. Yana tsaye a ƙofar gida, da na hango shi gabana ya faɗi, don Baffa na gani: furfurar gemun, yadda yake ɗan karkata kafaɗa, komai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi, Sale, ka zama dattijo." Hausarsa ta ɗan karye, Faransanci yana faɗo mata nan da can, amma muryar tana nan. Ban yi kuka ba, sai dai na daɗe ina gyara takalmi.

Matarsa Rashida 'yar Parakou ce, mace mai fara'a. Ta kawo mini dogon burodin nan nasu mai tauri da akasa, wani tuwon ƙullu mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da yaji mai sa mutum tuna zunubansa. Ina ci wata yarinya ta shigo ta gaishe ni, babbar 'yarsu, suna ce mata Mama. Goshin Inna ne a fuskarta, har wushiryar. Na ce, "Yaya, mene ne sunanta na yanka?" Ya ɗauke kai yana duban bango. Rashida ce ta ce, "Dije." Sunan Inna ke nan. Duk wayar da muke yi bai taɓa faɗa ba.

Na ba shi man shanun. Ya buɗe ya shinshina, ya daɗe bai rufe ba. Sannan ya ce, "Ta aiko wa yara."

Na ce, "Mutanen can ta ce."

"To, ai su ne mutanen can." Ya miƙa wa Rashida.

Yanzu ga motarku. A wani makeken fili kusa da tashar jiragen ruwa muka same ta, fara, ba wani girma. Ba ta da makullin murɗawa, maɓalli ake dannawa. Na shiga na taka birki na danna, fitilu suka kawo, shiru. Na sake dannawa, suka mutu. Na sake, shiru. Na leƙo na ce wa masu filin batir ya yi sanyi, a zo a tura. Suka fashe da dariya har wani yana riƙe ciki. Yaya bai yi dariya a gabansu ba, ya dai sunkuyo ta taga ya ce, "Tun ɗazu take a kunne, kai kake kashe ta. Sa giya." Na sa, ta silale ba ko tari. Ni da na shekara ashirin ina gane lafiyar mota da kunne, ga mota ta mai da ni ɗan koyo.

Shi ya yi mini bayanin sauran. A ƙaramin gudu batir ke jan ta, in ana son ƙarfi inji ya tashi ya taimaka, in ka sassauta ko ka taka birki a hankali kuma ƙarfin tayoyin ya koma cikin batir. Sannan ya nuna mini wasu maɓallai a jikin sitiyari. "Wannan shi ake ce wa kurus. Ka zaɓa mata gudun da kake so, ta riƙe, ka ɗauke ƙafarka. Amma wannan tana da ido." Ya zagaya ya ɗora hannu kan tambarin da ke hancinta. "A nan yake. In ta ga mota a gabanta sai ta bi ta, ta bar rata. Na gaba ya rage, ta rage. Ya ƙara, ta ƙara, iyakar gudun da ka ba ta. Ba ta wuce shi."

Na ce, "Ashe 'yar tasharmu ce."

Nan ya yi dariya, dariyar farko tun zuwana.

Dama yana da wata tsohuwar mota da zai kai wa wani a garin kan iyaka, can arewa, ta hanyar da zan bi in shiga ta jihar Kebbi, inda wakilin Alhaji yake jirana da takardu. Na yi ta maza na ce, "Yaya, in ka miƙa motar sai ka shigo tawa mu ƙarasa gida. Akwai wuri." Ya ce, "Bari mu je mu gani." Rashida ta haɗa jaka guda ta tsaraba: atamfa, sabulu, garin rogo, da hoton yaran. Shi ma ya haɗa 'yar jakar kayansa. Da na ga wannan jakar na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

A cikin gari kurus ba shi da amfani. Na gwada, duk ɗan acaɓan da ya kutso gabana sai ta ci birki, har goshina ya kusa gaisawa da gilashi. Sai da muka wuce masu sayar da abarba a Allada hanya ta buɗe, na daidaita bayan Yaya na danna. Wani ɗan hoton mota ya fito a allon gabana, alamar ta gan shi. Na ɗauke ƙafa daga totur.

Ba zan ɓoye muku ba, da farko tsoro na ji. Ƙafata ta rasa aikin yi, tana ta shawagi a kan birki. Yaya ya rage gudu don wani ƙauye, na ji ta rage, inji ya yi shiru, sai ƙarar taya. Ya fita ƙauyen ya ƙara, ta bi shi a hankali. Bayan wani lokaci na saki jiki. Na zauna ina kallon ƙeyarsa ta gilashin bayan motarsa, hular nan a karkace, ratar da ke tsakaninmu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Sai na ga kamar muna gangarawa fadama da shanu, shi da sandarsa a kafaɗa. Na yi kewar wannan ƙeyar fiye da yadda na sani.

Masu tambayar mai, ga amsarku. Motar tana nuna maka yadda take sha, kuma abin da na gani shi ne shan nata ya danganta da wanda take bi. Yaya tuƙinsa kamar zuba nono a ƙwarya yake, ba fizga ba girgiza. Tun daga nesa yake hango abin da zai tsayar da shi ya saki totur. A bayansa allurar mai kamar an manne ta. Da muka tashi daga Dassa bayan cin abinci wani saurayi mai jif ya shiga tsakaninmu, irin masu taka wuta su ci birki, su sake takawa. Ita kuwa baiwar Allah ta kama bin sa, inji yana ta kuka. Kafin ya rabu da mu na ga bambanci ƙarara. Da na faɗa wa Yaya ya ce, "Ai ba ta da nata halin, na wanda ke gabanta take ɗauka." Ya kuma ce in mun zo hawa in kashe kurus ɗin in tuƙa da ƙafata, don ita ba ta san a ɗan sassauta a kan tudu a rama a gangara ba, gudun da aka ba ta kawai take son cikawa ko da mai zai ƙare. Gaskiyarsa, na gwada duka biyun.

Tana da wasu wautar. Ba ta san rami ba. Shanu ma ban yarda ta san su ba, don da wani garke ya fito mana ban tsaya jiran ra'ayinta ba, na taka birkina. Kusa da Parakou kuma ruwa ya sauko, wata tirela ta watsa mana taɓo, sai ga ƙara da jan rubutu a allo, kurus ya mutu. Na yi ta danna wa Yaya fitila, na ce shi ke nan na lalata motar Alhaji tun ba ta ga Rano ba. Ya tsaya, ya dawo cikin yayyafi, ya cire hularsa ya goge tambarin hancin. Ya ce, "Kwantsa ce a idonta." Ta dawo daidai.

A Parakou muka sauka gidan kawun Rashida, wani dattijo mai ɗakunan baƙi a zaure. Aka kawo mana sakwara da miya, a ciki da wani cuku mai jan baya da suke kira wagashi. Fulanin can ke yin sa. Da yamma na ga masu tallarsa a bakin titi, na gaishe su da Fulatanci, suka amsa suna dariyar irin nawa, ni ma ina dariyar irin nasu. Wata tsohuwa a cikinsu ta tambayi ina ne garinmu, da na faɗa ta ce ba ta taɓa ji ba, amma ta ƙara mini guda ɗaya ta ce in kai wa uwata.

Da safe bayan mun idar da salla muna zaune a tabarma na ce, "Yaya, idon Inna ya tafi saura kaɗan."

Can ya ce, "Sale, shekara nawa ina bugo waya? Ko sau ɗaya ta taɓa karɓa?"

"Ai ka san kunya ce."

"A da na san haka. Da can kunya ce. Amma tun rasuwar Baffa, ta yaya zan bambance kunya da fushi? Duk shiru ne."

Na faɗa masa yadda take tsayawa da ƙwarya a bakin ƙofa. Na faɗa masa zaman gindin darbejiya, da tambayar da ta yi mini ta mutum nawa motar take ci. Ya saurara yana murza carbi. Ya ce, "Ta ce ka taho da ni?"

Da na so, da na yi masa ƙarya. Na yi ta tunanin wannan a hanya. Amma shi ya san ta, ya san ba za ta faɗa ba, kuma ya san fuskata. Na ce, "Ba ta ce ba."

Ya gyaɗa kai ya tashi. Da muka zo lodi ya ɗauko jakar tsaraba daga motarsa ya sa a but ɗina, ya ce tasa tana jin nauyi a baya. 'Yar jakar kayansa kuwa ya bar ta a kujerarsa. Na gani, na ƙi fahimta.

Daga Parakou zuwa Kandi hanya ce miƙaƙƙiya, gonakin auduga dama da hagu, manyan motoci jefi-jefi. A Kandi muka karya gabas. Ina bayansa, kurus a kunne, ɗan hoton motar nan yana allo, ina ta tsara yadda za a yi: zan tsaya nesa da gida in bar shi ya shiga da ƙafa, Inna za ta ji takunsa ta tashi ta shige ɗaki, sai an jima a aiko masa da fura ba tare da an ce daga wa ba. Har murmushi nake ni kaɗai.

Muna dab da garin kan iyaka na ga ya kunna sigina ta hagu. Na ɗauka wurin mai motar za mu shiga tare, na kai hannu zan kunna tawa. Sai ya fito da hannunsa ta taga, ya yi mini alamar nan da ban taɓa gani daga gare shi ba: wuce. Ya karya kan motar ya shiga wata jar hanya.

Ɗan hoton ya ɓace daga allo. Motar ta ga gabanta ba kowa, inji ya tashi, ta fara ƙara gudu da kanta. Ita a wurinta hanya ce ta buɗe. Ina ji tana jana gaba, ina kallon ƙurarsa a madubi tana ƙanƙancewa. Ban taɓa tsanar ƙarfe kamar yadda na tsani motar nan a wannan lokacin ba. Na taka birki da ƙarfi na gangara gefe, na kira shi.

"Yaya, ina jiranka a bakin hanya."

"Kar ka jira. Na ba ka hanya, Sale, ka wuce."

"Yaya..."

"Ba wannan karon ba. Ka ce ina gaishe su."

Ina iya juyawa in bi shi, garin ba girma gare shi ba. Amma ya ce in wuce, kuma ban taɓa musa masa ba. Na zauna a wurin har wakilin Alhaji ya fara damuna da waya. Sannan na sa giya, ta silale shiru kamar ba abin da ya faru.

A kan iyaka ba a wahalar da ni ba, takardu sun cika, sai dai wani ɗan kwastan da ya sa na kashe na kunna har sau uku don ya kira abokansa su ji shirun. Daga nan har Kano ba ni da labari mai daɗi. Na gwada kurus a bayan wata tankar mai, na gwada a bayan wata bas, duk ba su yi mini ba, na kashe shi. Da ƙafata na tuƙo, kuma da haushi, allurar mai ta nuna hakan. Na kwana a hanya wurin wasu direbobin hatsi 'yan Bunkure, suka yi ta zagaya motar suna tambaya, ni kuwa ko wagashin da na raba musu ban ji ɗanɗanonsa ba.

Alhaji ya ji daɗi ƙwarai. Ya zagaya ta, ya shafa, ya tambayi sau nawa na sha mai, da na faɗa masa ya ce in rantse. Na roƙe shi aron ta in je Nariya in gaida tsohuwa, ya ce in je.

Da na saki kwalta na shiga hanyar gidanmu a hankali, inji ya mutu, batir ya karɓa. Kaji ma ba su tashi ba sai da na yi musu ham da baki. Inna tana gindin darbejiya, fuskarta tana duban hanya, har na tsaya dab da ita ba ta motsa ba. Matar da take gane motar kowa tun daga kwana. Sai da na buɗe ƙofa ta zabura.

"Wane ne?"

"Ni ne, Inna. Sale."

Ta karkata kai tana saurare. Na san abin da take jira, ƙarar ƙofa ta biyu. Na rufe tawa a hankali don kar ta ɗauka ita ce.

Ta yi mini sannu da hanya. Ta tambayi ruwa a can, ta tambayi abincinsu, ta tambayi ko Alhaji ya gode. Na ajiye jakar a gabanta, ta shafa atamfar, ta shinshina wagashin. Na ce, "Akwai yarinya babba, suna ce mata Mama. Sunanki aka sa mata." Hannunta ya tsaya a kan atamfar. Ta ce, "Allah ya raya," ta ci gaba da shafawa.

Can ta ce in kai ta ta taɓa motar da ba ta da murya. Na riƙe hannunta na zaunar da ita a kujerar gaba. Ta shafa allon, ta shafa sitiyari. Na yi ta zuba mata bayani don kar a yi shiru: batir, inji, idon da ke hanci, yadda take bin na gaba ba ta wuce shi. Na ce har kan iyaka a bayansa na taho.

"Daga nan fa?"

"Daga nan ya kauce, Inna. Ya ce yana gaishe ku."

Ta murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, "Na ji ana cewa ba ta shan mai."

"Tana sha, kaɗan dai."

"To daga nan zuwa wurin mutanen can, sau nawa za a zuba mata?"

Na ce, "In an cika ta sau biyu, za ta kai har ƙofar gidan."

Ta gyara zama a kujerar, ta ɗora hannuwanta biyu a cinya, tana duban gilashin da ba ta ganin komai ta cikinsa.

Ta ce, "Ashe ba nisa."